GAWAYI, KWAL DA KOK: DA WACE WUTA MAƘERI ZAI YI ƘIRA?

Daga Wakilinmu

Kowace shekara, da zarar bazara ta yi nisa hadari ya fara haɗuwa a gabas, babu wurin da ya kai maƙera cikar jama'a a ƙauyukanmu. Wannan ya kawo fartanya a gyara mata baki, wancan ya kawo garmar shanu da ƙasa ta cinye, wani kuwa sabon sungumi yake so kafin ruwan shuka ya sauka. Abin da manomi ya lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne, kuɗin da maƙeri ke yanka masa kullum gaba yake yi, in kuma ya yi ƙorafi, amsar da zai samu ba ta wuce biyu ba: ƙarfe ya yi tsada, gawayi ya yi tsada. Zancen tsadar ƙarfe kowa ya san shi. Na gawayi ne ba a cika tsayawa a duba ba, alhali kuwa ko da ƙarfe ya cika wa maƙeri rumfa, in babu wuta sai ya naɗe hannu.

Dalilan tsadar gawayi ba ɓoyayyu ba ne. Tun a shekarar 2016 aka janye tallafin kananzir, risho ya fara ɓacewa daga gidajen talakawa. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya tashi, iskar gas ta girki ta fi ƙarfin ƙananan ma'aikata da yawa. Gidajen da suka daɗe da rabuwa da gawayi suka koma masa, suka tarar da mai shayi da mai tsire da mai guga a layi. Ga kuma 'yan kasuwa masu loda shi a manyan motoci zuwa bakin teku, domin Turai da ƙasashen Larabawa suna sayensa da kuɗin waje. A gefe guda, rashin tsaro ya rufe dazuzzuka da dama a Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja, inda masu yin gawayi suka saba shiga. Ganin yadda daji ke ƙarewa ya sa jihohi da dama na Arewa suka kafa dokokin hana sare itatuwa don yin gawayi, ita ma Gwamnatin Tarayya ta sha hana fitar da shi ta sha sassautawa.

To, a duk lokacin da aka ta da wannan magana a ofis ko a ɗakin taro, ba a rasa wanda zai ce, ai Allah ya hore wa ƙasar nan kwal jibge a ƙarƙashin ƙasa, me zai hana maƙera su bar gawayi su koma kwal, daji ya huta? Shawara ce mai daɗin ji, amma kafin a mai da ita doka ya kamata mai karatu ya san bambancin gawayi da kwal da kuma ɗan'uwansu na uku da ake kira kok, ya kuma san abin da kowannensu ke yi wa ƙarfe idan an haɗa su a wuta.

ABU UKU DA AKE RUƊAWA

Ruɗanin daga harshe ya faro. Ko a labaran rediyo akan ji an ce wata ƙasa tana samar da wutar lantarki da gawayi, alhali kwal ake nufi. Har murhun ƙarfen nan da matanmu ke zuba wa gawayi, wato kurfoti, sunansa daga Turanci ya samo asali, ma'anarsa kuwa tukunyar kwal, ga shi kuma bai taɓa ganin kwal ba. Abin da ya haɗa ukun shi ne sinadarin da masana kimiyya ke kira kabon, wato baƙin abin nan da ke ci da wuta ya ba da zafi. Inda suka rabu shi ne asalinsu, da irin dattin da ke tare da kabon ɗin.

Gawayi aikin hannun mutum ne. Akan tara itace a rufe shi da ciyawa da ƙasa, a cinna masa wuta a bar 'yar kafar iska kaɗan, yadda zai turara ba tare da ya cinye ba. Zafin zai kori ruwa da ƙaro da hayaƙin da ke jikin itacen, abin da ya saura shi ne gawayi, marar nauyi, mai ƙananan ƙofofi da iska ke ratsawa.

Kwal kuwa ma'adini ne, haƙo shi ake yi. Asalinsa shi ma tsirrai ne, waɗanda ƙasa ta binne shekaru miliyoyi, nauyi da zafi suka matse su har suka zama kamar dutse. Hawa-hawa ne: akwai mai ruwan ƙasa mai laushi da danshi, wanda shi ne mafi rauni, akwai matsakaici, akwai baƙi mai yawan kwalta a jikinsa, sannan akwai mai tauri da ƙyalli, wanda kusan duk jikinsa kabon ne.

Shi kuma kok, wanda ba shi da wata dangantaka da lemon kwalba sai kamancin suna, gasasshen kwal ne. Abin da ake yi wa itace ya zama gawayi shi ake yi wa kwal ya zama kok: a zuba shi a rufaffen tanderu da iska ba ta shiga, a gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye, na tsawon abin da bai gaza sa'a 12 ba, har kwalta da iskar gas da ke jikinsa su fice. Tan 4 na kwal yakan ba da wajen tan 3 na kok, mai launin toka, mai tauri, mai huji-huji kamar soso.

ABIN DA MAƘERI KE NEMA A WUTA

Maƙeri ba narkar da ƙarfe yake yi ba, domin tsantsar baƙin ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1,538 yake narkewa. Tausasa shi yake yi, yadda zai bi umarnin guduma a kan uwar maƙera. Yawancin aikin ƙira tsakanin digiri 900 ne zuwa 1,200, in kuwa ana son haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya ba tare da injin walda ba, sai an kai wajen digiri 1,300. Maƙerinmu ba shi da ma'aunin zafi, idonsa ne ma'auni: daga ja, zuwa ruwan goro, zuwa rawaya, zuwa fari mai tartsatsi, kowane launi ya san abin da yake nufi.

Saboda haka abu uku yake bukata. Yana bukatar wutar da za ta kai wannan zafi da iskar da zugazuginsa zai iya bayarwa, ko na fatar akuya ne, ko 'yar fankar nan da yaro ke juyawa da wilin keke. Yana bukatar wutar da za ta jira shi, wato idan ya ɗauki ƙarfe da awartaki ya koma kan uwar maƙera, yaro ya huta da zuga, ya dawo ya tarar ba ta mutu ba. Yana kuma bukatar wuta mai tsabta, wadda ba za ta zuba wa ƙarfe wani abin da zai ɓata shi ba.

Gawayi ya cika waɗannan sharuɗɗa duka. Yana kamawa da wuri, iska kaɗan ta ishe shi, tokarsa ba ta da yawa, kuma kusan babu farar wuta a jikinsa. Aibinsa shi ne saurin cinyewa. In aka auna kilo da kilo, zafin da gawayi mai kyau ke bayarwa bai yi nisa da na kwal ko kok ba, amma buhun gawayi bai kai rabin nauyin buhun kwal ba, don haka kullum cikin ƙari ake. Wannan ne ya sa tun kaka da kakanni maƙera ba kowane gawayi suke so ba, sai na itace mai tauri, musamman ƙirya, wadda gawayinta ke da nauyi, yana daɗewa, ba ya watsewa idan an zuga shi. Gawayin itace mai laushi yakan tashi da tartsatsi ya ƙare kafin ƙarfe ya yi ja sosai. Ƙirya kuwa bishiya ce mai jinkirin girma, ga masassaƙa na nemanta don turmi da taɓarya da ƙota, shi ya sa take cikin itatuwan da suka fara yin wuya a dazuzzukanmu.

KWAL DA HALINSA

Ɗanyen kwal idan ya shiga wuta, abin da zai fara fitarwa shi ne hayaƙi mai kauri mai warin kwalta, wanda ke shaƙe mutum ya sa ido hawaye. Maƙeran Turai da Amurka da suka yi ƙarnoni suna aiki da shi ba sa sa ƙarfe cikin ɗanyen kwal. Sukan jera shi a gefen wuta su yayyafa masa ruwa, zafin tsakiya ya riƙa korar hayaƙinsa a hankali, gutsattsarin su yi laushi su manne da juna su zama dunƙule, sa'an nan a tura dunƙulen zuwa tsakiya inda ƙarfe yake. Wannan dunƙule ba wani abu ba ne illa kok. Ke nan maƙerin da aka ce yana ƙira da kwal, a haƙiƙa da kok yake ƙira, sai dai shi yake gasa abinsa a bakin wutarsa.

Amma fa ba kowane kwal ke yin wannan laushi da mannewa ba, sai wani nau'i daga cikin baƙin nan mai kwalta. Mai ruwan ƙasa da matsakaici sukan farfashe ne su zama gari, iskar zuga ta watsa su ko su toshe bututun da iska ke bi. Mai tauri da ƙyalli kuwa wuyar kamawa gare shi, da an daina zuga sai ya mutu.

Matsala ta biyu ita ce farar wuta, wadda kusan kowane kwal ke ɗauke da ita, wani kaɗan wani da yawa. Idan ƙarfe ya yi zafi cikin wutar da ke da farar wuta da yawa, takan shiga jikinsa, sai ya riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma tun yana ja, haɗin ƙarfe biyu kuma ya ƙi kamawa. Ta uku ita ce toka. Tokar kwal ta fi ta gawayi yawa, a babban zafi kuma narkewa take yi ta daskare kamar kashin ƙarfe a gindin wuta, sai an riƙa tsayawa ana ciro ta. Wutar maƙeran Turai an gina ta ne da ramin ƙarfe da kafar zubar da toka da bututun fitar hayaƙi saboda wannan. Tamu kuwa ɗan rami ne a ƙasa cikin rumfa ko zaure, maƙeri na zaune dab da ita tare da yaransa. Ko gawayi ma yana fitar da iskar nan mai guba marar wari da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki, balle a ƙara mata hayaƙin kwal.

Kok ya rabu da matsalar hayaƙi, yana kuma daɗewa yana ba da zafi mai tsanani. Sai dai ba ya kamawa sai an ɗora shi a kan wata wuta, kuma yana son iska mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Yaron da ke zuga da hannu ya ɗan tsaya, wuta ta tafi. Wutar kok ta mai fankar lantarki ce, ga shi kuwa mafi yawan ƙauyukan da maƙera ke zaune ko dai babu lantarki ko kuwa ba shi da tabbas. Bugu da ƙari, gasawa ba ta raba kwal da tokarsa, ba ta kuma kore farar wutarsa duka, don haka kwal marar kyau ba ya haifar da kok mai kyau.

IRIN KWAL ƊIN DA MUKE DA SHI

Gaskiya ne ƙasar nan tana da kwal. A shekarar 1909 aka gano shi a Udi, kusa da inda birnin Inugu yake yanzu, aka fara haƙarsa sosai a 1916, shekarar da layin dogo daga Fatakwal ya iso wurin. A mahaƙar Kwarin Iva ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a watan Nuwamba na 1949, abin da ya ƙara wa neman 'yancin kai ƙarfi. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya, zuwa ƙarshen shekarun 1950 kuma abin da ake haƙa ya kai wajen tan 900,000 a shekara. Daga nan jiragen ƙasa suka koma man dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki ruwa ya cika ramuka, harkar ba ta sake komawa yadda take ba. A yau kamfanonin siminti ne manyan masu amfani da kwal ɗinmu, irin wanda ake haƙa a Maiganga ta Jihar Gombe da kuma yankin Ankpa na Jihar Kogi.

Abin lura shi ne, kwal ɗin Inugu da na Kogi da na Gombe duk daga matsakaici ne zuwa mai ruwan ƙasa. Ya dace da tukunyar jirgin ƙasa da tashar lantarki da tanderun siminti, inda zafi kawai ake nema. Amma ba ya laushi ya dunƙule, wato ba ya zama kok. Wanda aka san yana da wannan hali shi ne na yankin Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa, shi kuma bincike ya nuna yana da yawan toka da farar wuta, sai an wanke shi an gauraya da wani kafin ya yi amfani a aikin ƙarfe.

Wannan matsala ba maƙerin ƙauye kaɗai ta shafa ba. A 1979 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet don gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1980. Tsarin shi ne a narkar da tamar Itakpe a babban tanderu da kok, aka kuma gina tanderun gasa kwal a harabar masana'antar, bisa sanin cewa kwal ɗin da za a gasa sai an shigo da mafi yawansa daga waje. Fiye da shekara 40 ke nan babban tanderun bai narkar da tama ba. Da Ajaokuta na aiki, da ƙananan gutsattsarin kok da irin waɗannan masana'antu kan rage sun isa kasuwa, maƙeran birni su saya. Tun da ba ta aiki, duk wanda ya ce maƙeri ya koma kok yana aika shi ne kasuwar da ba a ci ba.

DARASI DAGA WAJE

Ingila ta taɓa shiga irin halin da muke ciki. Masu narkar da tama sun cinye dazuzzuka da yawa, har aka kafa dokokin taƙaita sare itace domin aikin ƙarfe a zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko. Dokokin ba su raba masu narkar da tama da gawayi ba, domin ɗanyen kwal ɓata musu ƙarfe yake yi. Sai a 1709 Abraham Darby ya yi nasarar narkar da tama da kok a Coalbrookdale, inda ya yi dace kwal ɗin yankin ba shi da farar wuta da yawa, duk da haka sai da aka yi wajen shekara 50 kafin sauran masu sana'ar su bi sahunsa. Fasaha da samun kwal ɗin da ya dace su suka kawo canjin.

Ƙasar Burazil kuwa, wadda ita ma ba ta da isasshen kwal mai zama kok, wata hanya ta bi. Har yau akwai masana'antu a Jihar Minas Gerais da ke narkar da tama da gawayi, suna shuka gandayen itacen turare da kansu, su sare bayan kamar shekara 7, kututturen ya sake tohuwa. Ba a ce mu cika Arewa da itacen turare ba, domin bishiya ce mai shan ruwa, ƙasarmu kuwa ba ta da ruwan Burazil. Abin koyi shi ne, ana iya noma gawayi kamar yadda ake noma gero.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar su ma suna da abin da za su koya mana. Suna da kwal a Anu Araren ta Jihar Agadas, wanda kamfanin Sonichar da aka kafa a 1975 ke ƙonawa don samar da lantarki, sun kuma yi ƙoƙarin gasa wani sashe nasa a sayar wa mata don girki, saboda a rage sarar daji. Amma abin da ya fi tasiri a ƙasarsu shi ne abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, wato barin kututturen itatuwa su tohu a gona ana yi musu aski, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya ya kai wajen hekta miliyan 5. Daga farkon shekarun 1990 kuma hukuma ta ba wa ƙauyuka iznin kula da dazuzzukansu da sayar da itace bisa ƙa'ida. Mutum ya fi tsare bishiyar da ya san shi zai amfana da ita.

WA KE CIN DAJIN?

Babu mai musun cewa daji na ƙarewa, kuma gawayi na da hannu a ciki. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da suka fi yin gawayi a duniya. Hanyar da ake yin sa ma ɓarna ce, domin tarin itacen da ake rufewa da ƙasa yakan ci kilo 6 zuwa 10 kafin ya ba da kilo 1 na gawayi, alhali ingantaccen tanderu na bulo ko na ƙarfe yana iya ba da kilo 1 daga wajen kilo 4.

Sai dai adalci shi ne a tambaya, nawa ne rabon maƙeri a wannan ɓarna? Da gawayi mutanen Taruga, a yankin al'adun Nok, suka narkar da tama wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, da shi kuma aka yi aikin ƙarfe a gindin Dutsen Dala tun kafin a gina ganuwar Kano. Narkar da tama shi ne mai cin gawayi da yawa, wannan kuwa ya mutu a cikin ƙarni na 20, bayan da ƙarfen Turai da tsofaffin motoci suka wadata. Maƙerin yau sifirin na mota da guntun rodi da tsohuwar ganga yake saye a wurare irin su Panteka ta Kaduna, ya dumama ya buga. Ƙauye guda yana iya samun maƙera ɗaya ko biyu, amma murhu yana kowane gida, a birni kuwa ba a magana. Mota guda ta mai fitar da gawayi waje tana ɗauke da abin da zai riƙe maƙeri wata da watanni.

Ga kuma wani bambanci. Uwargida tana da abin da za ta koma in an sauƙaƙa mata: gas, ko lantarki, ko dunƙulen gawayin da ake yi da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa da kara. Irin wannan dunƙule yana dafa tuwo sarai, amma tokarsa ta yi wa maƙeri yawa. Shi maƙerin ƙauye, kamar yadda bayani ya gabata, ba shi da madadin gawayin itace a halin yanzu. Dokar da ta yi musu kuɗin goro, shi da mai fitar da gawayi waje, ba za ta hana shi ƙira ba. Za ta sa ya sayi gawayi a ɓoye da tsada, ya ɗora kuɗin a kan fartanya, manomi ya biya, daga nan kuma ya biyo kwanon hatsi zuwa gidan ma'aikaci.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, dokokin hana gawayi su bambanta tsakanin mai sana'ar ƙira da ɗan kasuwa. Sarakunan maƙera suna nan a kusan kowace masarauta, sun san mutanensu. Ƙananan hukumomi na iya haɗa kai da su a yi rajistar maƙera, a ba su takardar iznin sayen wani adadi daga masu yin gawayi da hukuma ta sani, yadda ma'aikacin gandun daji ba zai kama maƙeri da buhu biyu ba alhali manyan motoci na wucewa.

Na biyu, a ware wa ƙungiyoyin maƙera filaye su shuka itacen gawayinsu. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015, wadda ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada, tana raba dashe kowace damina. Babu abin da zai hana a sa ƙirya da marke da bagaruwa cikin abin da ake renon, musamman bagaruwa, wadda ta fi ƙirya saurin girma, itacenta na da nauyi, majema kuma na sayen 'ya'yanta. Sharaɗin shi ne wanda ya shuka ya tabbata shi zai sare.

Na uku, ma'aikatun gandun daji su koyar da masu yin gawayi amfani da ingantaccen tanderu. In itacen da ke ba da buhu ɗaya ya koma ba da buhu biyu, an ceci rabin dajin ba tare da an kama kowa ba.

Na huɗu, kada a rufe ƙofar kwal, amma a fara da gwaji. Akwai Cibiyar Bunƙasa Aikin Ƙarafa ta Ƙasa a Jos, akwai Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ga kwalejojin fasaha a kowace jiha. Su auna kwal ɗin kowace mahaƙa, su gwada wankakken kwal na Lafiya da Obi a wutar maƙera ta gaske, su ƙera murhu da fanka da bututun hayaƙi da suka dace da shi, maƙeran birni masu lantarki su fara gwadawa su faɗi abin da suka gani. Ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga aiki nan a ƙofar gida.

Na biyar, babban aikin yana ɗakin girki da bakin teku. Duk gidan da ya samu gas ko dunƙulen gawayi da araha, an rage wa daji nauyi. Batun fitar da gawayi waje kuma ya kamata Gwamnatin Tarayya ta tsaya a kan magana ɗaya, domin babu hikima ƙasar da hamada ke ci ta sayar da itacenta don a gasa nama a Turai.

Har yanzu da fartanya da garmar shanu ake noma mafi yawan abincin da ake ci a Arewa, kuma maƙeri ne ke ƙera su yake gyara su. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙiryar da za a shuka bana ba za ta ba da gawayi ba sai bayan shekaru masu yawa, wannan kuwa dalili ne na a fara tun daminar da ke tafe. Muna fata ma'aikatun muhalli da na gona da na ƙananan hukumomi za su zauna da sarakunan maƙera kafin a sake sa hannu a kan wata dokar gawayi. Allah ya ba mu damina mai albarka.